Makeron Dutse: Tafiyarmu Biyu Zuwa Duwatsun Shere

Ƙarfe shida da rabi na safe motarmu ta bar Bauchi, mu 14 'yan kulob ɗin kimiyya na makarantarmu, da malamin bayoloji, da wata malama da ta rako 'yan mata. Watan Janairu ne, hazo ya rufe gari, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Da aka ce za a je Jos, yawancinmu mun ɗauka gidan namun daji za a kai mu, ko gidan adana kayan tarihi. Sai da muka wuce dutsen Zaranda Malam ya buɗe jakarsa ya fara rabon kayan aiki: rula, fensir, tsofaffin ambulan, farar leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, da gilasan ƙara girma guda huɗu da za mu riƙa karɓa-karɓa. Ya ce gansakuka za mu je dubawa, da wani abu da ake kira laikin.

Motar ta yi tsit. Can wani ɗan aji huɗu daga kujerar baya ya ce, "Malam, gansakuka fa akwai ta a bakin famfon makaranta." Aka kwashe da dariya. Malam ya ce gaskiyarsa ne, amma shekara nawa ya yi yana wanke hannu a wurin, ya taɓa durƙusawa ya dube ta? Yaron bai amsa ba.

Daga Nabordo zuwa Tilden Fulani hanya hawa take yi a hankali, har kunne ya riƙa toshewa. Bauchi tana kan tsayin wajen mita 600 daga doron teku, Jos kuwa wajen mita 1,200, wato ninki biyu. Duwatsun Shere suna gabas da birnin, kuma ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Ruwan saman da ake samu a Jos ya kai kimanin milimita 1,400 a shekara, ga sanyi, ga raɓa, ga hazon damina da ke sauka ya lulluɓe tsaunuka. Dalilin da ya sa Malam ya zaɓi wurin ke nan. Abubuwan da muka je nema ba su da saiwar da za ta janyo ruwa daga ƙasa, abin da ya sauko musu daga sama da shi suke rayuwa.

Mun fara tsayawa a wani ƙauye da ke gindin duwatsun, muka gaida mai unguwa, muka faɗi abin da ya kawo mu. Ya haɗa mu da wani dattijo, mutumin Afizere, wanda Hausa ta zauna a bakinsa daram. Muka bi shi ta tsakanin gonakin acca da aka riga aka girbe, masu shingen ƙyarana, har muka fito kan wani falalen dutse mai faɗi kamar filin ƙwallo. Daga nan ana hango duwatsu sun hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Baba ya nuna mana wani tsauni da ake kira Gog da Magog, Malam ya ce ai Yajuju da Majuju ke nan, 'yan mata suka ce su dai a bar su a nan ƙasa.

Malam ya ce kowa ya kwanta rub da ciki. Mun yi ta kallon juna, amma muka kwanta. Daga tsaye dutsen baƙi ne kawai mai dabbare-dabbare. Da ido ya matso kusa sai ga da'irori, wasu toka-toka, wasu ruwan ɗorawa, wasu kore mai haske, wasu sun ci karo da juna an bar baƙin layi a tsakani kamar iyakar ƙasashe a taswira. Wata 'yar ajinmu ta ce, "Wallahi kamar makero a kan yaro." Tun daga ranar sunan ya bi shi, a kulob ɗinmu makeron dutse muke cewa, a littafi kuma mu rubuta laikin.

Riƙe gilashin ma sai da aka koya mana. Mu duka mun miƙa hannu nesa muna leƙe kamar masu duba agogo. Ashe gilashin ake mannawa a ido, sannan a kai fuska ga abin da ake dubawa har hanci ya kusa taɓa dutse. Yana ƙara girman abu sau 10. Wanda ya fara dacewa da saitin ya yi ihu. A tsakiyar da'irar akwai wasu ƙananan kwanoni masu baki, kamar an jera faranti a ɗakin amarya, fatar kuma ta tsattsage kamar laka a busasshen tafki. Waɗannan kwanonin ne ke fitar da ƙurar iri da iska ke ɗauka.

Muna zaune a kan dutsen Malam ya warware mana zancen. Laikin ba tsiro ba ne irin masara ko kuka. Halittu biyu ne suka haɗu suka zama jiki ɗaya. Ɗaya daga dangin funfuna da naman kaza take, ita ce ke gina gidan, ta manne a dutse, ta tare zafin rana, ta riƙe ruwa. Ɗayar kuma ƙananan ƙwayoyi ne kore, dangin gansakukar da ke kan ruwan kududdufi, su ne ke haɗa abinci da hasken rana, funfunar ta ci. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, in ji Malam, ko da yake akwai masanan da ke ganin ya fi kama da mai gona da 'yan ƙwadago, domin funfunar ce ke riƙe da ragamar komai. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗin haka a 1867, manyan masana laikin na zamaninsa kuwa suka ƙi yarda, wasu har suka mutu ba su amince ba. Yau an san nau'in laikin wajen 20,000 a duniya. Ya kuma tuna mana takardar litmos da muke tsomawa a asid a ɗakin gwaje-gwaje tana komawa ja. Rinin da ke jikinta daga laikin ake samunsa. Shekara biyu muna amfani da ita ba mu sani ba.

Gansakukar tudu kuwa, wadda ke fitowa a jikin dutse da gindin bango, ita tsiro ce ta gaske, mai ɗan kara da ganye, sai dai ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba ta da saiwa sai wasu zarurruka da take kama wuri da su. Matsalarmu a Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita ga ta ruwa da ta tudu, alhali ba danginsu ɗaya ba. Mun daɗe muna gardama a kan haka, a ƙarshe muka tsaya a kan gansakukar ruwa da gansakukar tudu.

Ta tudun sai da Baba ya taimaka muka same ta. Mun yi ta neman kore ba mu gani ba. Shi ya kai mu wata tsaga a bayan wani ƙaton dutse, inda ya ce ruwa ke bi da damina, ya nuna mana wani abu ruwan ƙasa, busasshe, kamar tsohon buhu da ya ruɓe. Muka ce ai wannan ta mutu. Malam ya karɓi ledar fiya wata daga hannun wani, ya huda, ya ɗiga a kai, ya ce a sa gilashi. Abin da muka gani shi ya sa babu wanda ya ƙara tambayar gidan namun daji. Ganyayyakin da suka murɗe suka naɗe a jikin kara sai suka fara motsi suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kafin minti biyu inda ruwan ya taɓa ya zama kore shar, kamar ƙananan taurari, gefensa kuma yana nan a bushe. Ganyen yawancin gansakuka kaurin ƙwayar halitta ɗaya ne tak, saboda haka ruwa na shiga kai tsaye. Idan rani ya zo takan bushe ƙayau ta dakatar da komai, ta yi watanni a haka, ruwa na taɓa ta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Baba ya yi murmushi ya ce shi tun yana yaro yana kiwon awaki ya san tana haka da ruwan farko, bai dai taɓa ganin mutane sun shigo mota daga wata jiha don su kalla ba.

Laikin ma haka yake jure bushewa, har ya fi. A 2005 masu binciken sararin samaniya na Turai sun aika nau'i biyu cikin wani kumbon Rasha, aka buɗe su a fili, babu iska, babu abin da ya kare su daga hasken rana, na kusan mako biyu. Da aka dawo da su aka jiƙa, suka ci gaba da rayuwa.

Bayan mun ci abinci aka shiga aikin da ya kawo mu. Malam ya ce kallo daban, rubutawa daban, kuma abin da ba a rubuta ba a wurin, gobe sai ya zama labari. Kowane samfuri yana da ambulan ɗinsa, a bayansa a rubuta lamba, da rana, da wuri, da abin da yake manne a kai, dutse ne ko ɓawon itace ko ƙasa, da fuskar da yake kallo, gabas ko yamma, a inuwa yake ko a rana, launinsa a bushe da launinsa a jiƙe, da sunan wanda ya ɗauko. Da fensir ake rubutu, domin biro yana zuba in takarda ta jiƙe. Wayar Malam ta ba mu lambobin wurin da tsayinsa. Siffar laikin kuma iri uku muka koya: mai manne kamar fenti wanda ba ya ɓamɓaruwa sai da dutsen, da mai kama da ganye wanda gefensa ke ɗagawa, da mai reshe kamar gemu. Na farko shi ya cika duwatsu. Na biyu mun same shi da yawa a jikin itatuwan da ke cikin kwazazzabo. Mai gemun ɗaya tak muka gani, a kan wani busasshen reshe, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Malam ya ja silinsa a hankali, ɓawon ya tsage, sai ga wani farin zare a ciki yana miƙewa kamar roba. Da wannan zaren ake gane dangin da masana ke kira Usnea. Ya ce a dajin Ngel Nyaki da ke kan tsaunin Mambila, irinsa har lilo yake yi daga rassa.

A nan ne aka yi ɓarnar da har yau muke tunawa. Ɗaya daga cikinmu ya ga wata da'ira ruwan toka, kyakkyawa, faɗinta ya kai tafin hannun babba, ya sa wuƙa ya kankare rabinta don ya cika ambulan. Abin da ya samu gari ne kawai, ba ya da amfanin komai. Malam bai yi faɗa ba. Ya sa shi ya auna abin da ya rage, daga tsakiya zuwa baki milimita 60. Ya ce irin wannan mai manne a dutse sau da yawa milimita ɗaya ko biyu yake ƙaruwa a shekara, wani ma bai kai haka ba. Ya ce, "Yi mana lissafi." Yaron ya yi shiru, sannan ya ce shekara 30 zuwa 60. Malam ya ce, "To, ƙila ya girmi babanka." Daga nan aka kafa doka: mai manne a dutse hoto kawai za a ɗauka da rula a gefe, mai ganye kuma ba a cire fiye da girman kwabo, sai inda yake da yawa, an fi son wanda ya faɗo da reshe.

Mun yi gwaji ɗaya na sinadari. Malam ya kankare saman wani mai ganye da reza har farin cikinsa ya bayyana, ya ɗiga ruwan bilic na wanki da tsinken ashana. Nan take wurin ya yi ja, jim kaɗan jan ya dushe. A wani mai kama da shi sak, aka ɗiga, babu abin da ya faru. Ido ya ce abu ɗaya ne, bilic ya ce biyu ne. Masana suna yin wannan gwaji tun zamanin William Nylander, ɗan ƙasar Finlan, a 1866.

Sai rigimar suna. Shugabar kulob ɗinmu ta sa hoton a manhajar iNaturalist, manhajar ta kawo sunan Parmotrema, har da cikakken sunan nau'i a ƙasa. Ta ɗauki fensir za ta kwafe duka. Malam ya ce ta rubuta sunan dangin kawai, ta sa alamar tambaya a gabansa. Ta ce, "Malam, ai kwamfuta ce ta faɗa." Ya ce kwamfutar hoto ta gani, ba ta ɗiga bilic ba, ba ta juya bayan ganyen ba, kuma yawancin hotunan da ta koya da su ba daga nan aka ɗauko su ba. Wasunmu sun ji haushi, domin littafi mai cike da alamar tambaya ba ya burge kowa ranar baje koli. Yanzu muna ganin gaskiyarsa. Suna na ƙarya in ya shiga littafi, wanda ya zo bayanka zai kwafa, na bayansa ma ya kwafa, ba mai sake komawa ya duba.

Akwai kuma abin da muka karanta a wani littafin Turai, wai in ka ɓata a daji ka duba gefen itacen da gansakuka ta fi yawa, nan ne arewa. Mun gwada da kamfas a itatuwa 20, abin bai tsaya ba. A Ingila rana kullum ta kudu take ratsawa, shi ya sa arewacin itace ke zama cikin inuwa da laima. Jos kuwa tana kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana da tsaka ta ɗan karkata ne zuwa arewa, ga iskar hunturu mai busar da komai daga arewa maso gabas take bugowa. Abin da muka lura da shi, gansakuka tana bin inda ruwa ke gangarowa a jikin itacen, da inda wani dutse ya yi mata inuwa. Wanda ya bi dokar littafin nan a Shere sai dai a fita nemansa.

Kafin mu sauko muka zaɓi duwatsu uku, muka ba su lamba. A kowanne muka shimfiɗa farar ledar nan a kan da'irori biyar, muka bi gefensu da maka, muka zana tsagar dutsen da wani farin jijiya da ya ratsa shi don mu gane inda za mu mayar da ledar. Ba mu shafa fenti ba. Niyyarmu mu dawo mu ga ko sun ƙaru. Dutse na uku shi ne abin alfaharinmu, yana can ƙasa kusa da hanyar mota, launi huɗu a wuri ɗaya, kuma a jikinsa ne muka sami da'irar da ta fi kowacce girma.

Muka dawo cikin hutun Agusta, mu tara, don wasu sun yi tafiya. Wurin kamar ba shi ba. Gajimare yana tafiya a ƙasa da mu, ruwa na tsiyaya a kowace tsaga, falalen da muka kwanta a kai ya yi santsi har sai da muka cire takalma. Tsohon buhun nan na bayan dutse ya zama katifa kore mai laushi, daga cikinta wasu siraran sanduna sun miƙe, kowanne da ɗan ƙoƙo a kai kamar kan ashana, wasu da hula. A cikin ƙoƙon ƙurar iri take. Malam ya ce dalilin da ya sa gansakuka ba ta rabuwa da laima ke nan, ƙwayar namijin iyo take yi a cikin ɗigon ruwa kafin ta isa ga ta macen, in babu ruwa babu haihuwa.

Dutse na ɗaya da na biyu suna nan. Muka gangara wajen na uku, tun daga nesa muka ji ƙarar guduma. Inda dutsen yake, rabi ya tafi. An hura wuta a kansa har ya tsage, an ɓamɓare shi fala-fala, ga toka da baƙin hayaƙi a abin da ya saura. Mata huɗu na zaune a gefe, kowace da tarin tsakuwa a gabanta, ɗaya da goyo. Mun tsaya riƙe da ledarmu mai zanen da'irori biyar, babu inda za mu ɗora ta.

Shugabarmu ta fara magana da zafi, Malama ta riƙe mata hannu. Muka gaishe su. Babbar cikinsu ta tambayi abin da muke nema, muka nuna mata hoton dutsen a waya. Ta duba, ta ce, "Ayya, 'ya'yana, da mun sani da mun fara ta wancan." Ta ce tifa ke zuwa ɗauka, da kuɗin take biyan na makarantar yaranta biyu. Ba mu sami abin cewa ba. A mota mun yi ta musu. Wasu suka ce ya kamata a hana fasa dutse a wurin gaba ɗaya. Wani ya tambaya, sabon ginin ajujuwan da muke murna da shi a makaranta, da me aka zuba dakalinsa? Mu dai abin da muka tabbatar, laifin farko namu ne. Mun zaɓi dutsen da ke bakin hanya saboda sauƙin zuwa, abin da ya sa masu tifa ma suka zaɓe shi ke nan, kuma ba mu gaya wa kowa a ƙauyen cewa muna aiki a kansa ba, har Baban da ya raka mu. Da muka koma muka faɗa masa, ya ce da mun tambaye shi da ya gaya mana, don tun bara ake cin wannan gefen.

Wani abu ɗaya muka ƙaru da shi a wurin. Cikin dutsen da aka fasa fari ne tas mai ɗan ja-ja, da ƙyalli. Ashe baƙin da muke gani a duwatsun ƙasarmu, har da na Bauchi da muke wucewa kullum, yawancinsa ba launin dutsen ba ne. Wata siririyar fata ce ta ƙananan halittu masu rai da ta lulluɓe shi.

A sauran duwatsun biyu muka mayar da leda, muka daidaita ta da tsagar. Nan ma aka yi murna ta ɗan lokaci, domin wasu da'irorin sun ɗan leƙo waje da layin. Wani har ya fara lissafin girman shekara. Malam ya ce a auna kaurin layin makar. Ya kusa milimita biyu, ya fi abin da muke cewa ƙari. Sannan a Janairu a bushe muka zana su, yanzu kuwa sun sha ruwa sun kumbura. Wato watanni bakwai, da kuɗin mota sau biyu, sakamakon da za mu iya rubutawa da gaskiya shi ne ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba. Haka muka rubuta. Muka ƙara da cewa daga yanzu a watan Janairu kaɗai za a riƙa auno, da alƙalami mai siririn baki, a ɗauki hoto daga sama tsaye da rula a ciki.

Kuskure na ƙarshe a gida ya bayyana. Ambulan sun ƙare mana, sai muka zuba samfuran damina a baƙar leda muka ƙulle, aka bar su a ɗakin gwaje-gwaje har aka koma makaranta. Da muka buɗe, funfuna ta cinye su, sai wari. Guda 11 muka zubar. Na cikin takarda kuwa, waɗanda aka shanya a inuwa, suna nan lafiya, har gansakukar Janairu da muka ɗiga wa ruwa a watan Oktoba ta sake buɗewa a gaban 'yan aji ɗaya.

Tun da muka dawo idonmu ya canza. Mun zagaya itatuwan cikin makaranta da na kusa da tashar mota, muka tarar na tasha kusan babu komai a jikinsu, na bayan gari kuma akwai ɗan dabbare. Nylander ɗin nan ya lura da irin haka a wani lambu a birnin Paris tun 1866, ya ce hayaƙin gari ne ke kashe laikin, domin duk abin da ke cikin iska yana shiga jikinsa ba tacewa. Amma ba mu yi saurin yanke hukunci ba a wannan karon. Yawancin itatuwan tasha turare ne, wanda ke zubar da ɓawonsa, na bayan gari kuwa mangwaro da ɗorawa. Sai mun gwada mangwaro da mangwaro tukuna. Yaron nan na kujerar baya shi ya ɗauki bangon famfon makaranta, ya ce ya ga iri biyu a wurin, ɗaya mai ganye, ɗaya shimfiɗaɗɗe kamar an liƙa koren tsumma, wanda Malam ya ce wani dangi ne daban.

Yanzu muna aji shida. Janairu mai zuwa shi ne awonmu na ƙarshe, bayansa sai jarrabawar fita. Abin da ke ƙaruwa da milimita ɗaya a shekara ba zai nuna mana komai ba kafin mu bar makaranta, saboda haka mun ɗauki 'yan aji uku guda biyar cikin kulob, su za su raka mu su ga wurin da idonsu. Mun kwafe littafin gida biyu, ɗaya a durowar Malam, ɗaya a laburare, da ledojin zanen a cikin babban ambulan. Mun kuma rubuta wa mai unguwa takarda da Hausa, da hoton duwatsun biyu, muna roƙon a bar mana su. Baba ya ce zai kai mu wani dutse can sama, inda tifa ba ta iya hawa, mu mayar da shi na uku. Ya ce tafiyar awa ɗaya ce daga falalen, mu zo da takalma masu kama ƙasa.